Mangwaron da Na Tumɓuke

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya. Allah ya tsare min kai a Damazin, ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa da sharrin mutum, ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama. Mu nan lafiya lau muke, sai kewa.

Da Hausa na rubuta, kuma da gangan. Na san Larabci ya fi zauna maka a baki, na san za ka yi ta tuntuɓe kana karantawa. To yi ta tuntuɓen. Wanda ya iya zaman jami'a har aka ba shi shahadar kammala karatu ba zai kasa takardar tsohuwa ba. A waya kuwa ba zan faɗa maka ba, don na san halinka: "Kwayyis, kwayyis, Yumma," wato "Da kyau, da kyau, Inna," sai ka kashe ban kai ko tsakiyar zance ba. Labarin gari ma kada ka nema a ciki. Wanda ya haihu da wanda akuyarsa ta ɓata, yayarka za ta gaya maka.

Ina zaune ne bayan azahar a gindin katangar Batul maƙwabciyarmu, inda inuwar mangwaronta ke ƙetarowa cikin gidanmu. Ka san wurin. Iska na tasowa daga kogi, ganye na motsi, hasken rana na yawo a kan zanena, ni kuma ina tsakanin gyangyaɗi da tunani. A nan maganarka ta dawo min, ta ƙi tafiya.

Ranar da za ka tashi na sa an fito maka da angarib, gadon igiyar nan na mahaifinka. Na wanke ƙaramar randa, na naɗe bargo. Ka dubi kayan ka yi dariya, ka ce, "Yumma, ina zan kai wannan duka? Aikin nan muwakkat ne, na ɗan lokaci. Ba zama zan yi ba. Biza nake jira, tana fitowa sai Saudiyya. Tabarma ta ishe ni."

Na mayar da kayan ɗaki, ka ɗauka na yarda. Wallahi tsoro ne ya kama ni. Ba tafiyarka Saudiyya ta tsorata ni ba, Allah ya kai ka in alheri ce. Muryar ce ta tsorata ni. Bakinka ne ya motsa, amma mahaifina na ji yana magana, mutumin da ya daɗe a ƙasa kafin a haife ka. Tsorona guda ne, Auta: kada ka ƙare ƙuruciyarka kana jira, kamar yadda na ƙare tawa.

Ba ka riski Baba ba, bari in gaya maka shi. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, da niyyar Makka. Da ya iso bakin kogin nan guzuri ya ƙare, sai ya ce bari ya tsinki audugar shekara ɗaya ya wuce. Audugar nan ita ce muke tsinka har yau. Baba a nan aka haife shi, a nan ya yi furfura, amma in ka tambaye shi ina ne garinsu sai ya ɓata rai. "Mu ba mutanen garin ga na ba," haka yake cewa da Sakkwatancinsa. "Bisa hanya muke. Baƙo raɓa na." Bai taɓa yarda a ɗora bulo bisa bulo a gidansa ba. Bukkar ciyawa da danga, shi ke nan. Itace kuwa, ko na kurna, ba a dasawa. "Ɗiyata," in ji shi, "kar ki bari ƙasag ga ta riƙe miki ƙahwa. Wanda yad dasa icce ya yi sallama da hanya."

A jikin ginshiƙin bukkarsa akwai wani ƙunshi a rataye, gadon mahaifinsa: takalmin fata, igiya, farin yadi na harami, da butar tagulla wadda ba a taɓa zuba mata ruwa ba, don ta hanya ce. Duk kaka in an gama casar dawa sai ya sauke ƙunshin, ya kakkaɓe, ya goge butar da toka har ta yi ƙyalli, ya ce, "Bana, in Allah ya yarda." Sai ya mayar ya rataye.

Kada ka ɗauka wahala na sha. Kai, ni daɗin abin nake ji! 'Yan'uwana maza sun daina sauraronsa tun suna samari, ni ce nake zama gabansa baki buɗe. Garuruwa biyu na girma a cikinsu, kuma ko ɗaya idona bai taɓa gani ba. Akwai Sakkwato a bayana, da dogayen ganuwoyi da rijiyoyi masu ruwan sanyi, yadda Baba ya ji a bakin mahaifinsa. Akwai Makka a gabana, fara fat, ba ƙura ba sauro. In an aike ni ɗebo ruwa a tur'a, magudanar nan da ke kai ruwa gonaki, sai in ajiye tulu in zauna ina kallon gabas. Lokacin da auduga ta buɗe, fili ya yi fari har ƙarshen gani, ni a raina taron alhazai ne suke jirana in tashi. Farin balbela na wucewa, ina ce musu su gaida min can. Hillarmu kuwa, garin da nake taka ƙasarsa, ban taɓa tsayawa na dube shi da kyau ba. Me zan duba a zango?

Niyyar Baba ba laifi ba ce, Allah ya karɓa masa, ya ba shi ladan tafiyar da bai yi ba. Ni ce na ɗauki niyyar na mai da ita dalilin ƙin zama.

Da aka yi aurena da mahaifinka, innata ta haɗa min kwanonin fenti masu furanni ja da shuɗi, da farantai, da babban tiren shayi. Kowace amarya jera nata take yi a ɗaki a zo a gani. Ni sai na nannaɗe nawa da tsumma na kulle a akwatin ƙarfe. Mahaifinka ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Sai mun isa." Bai tambaye ni ina ba, ya san amsar. A tsohon kwanon silba muka ci tuwo, a ciki na yaye ku duka. In baƙi sun zo in ara a maƙwabta, nawa suna kwance cikin duhu suna jiran babban gida da zan yi a can. Wani lokaci da rana in zauna bisa akwatin in riƙa jera su a raina, wannan a sama, wancan a gefensa.

Ban buɗe akwatin ba sai da auren yayarka ya zo, na ce bari in ba ta. Ashe laimar damina ta daɗe da samun hanya. Tsatsa ta cinye gindinsu. Yayarka ta ɗaga mafi kyan, ta leƙo ni ta cikin hujin, ta ce, "Inna, wannan na tankaɗe ne?" Muka yi dariya har da hawaye, amma nawa hawayen ba na dariya ba ne duka.

To kai ma akwatinka ka tafi da shi, na gani. Karatun da ka yi, da ƙwazonka, da fara'arka, duk ka nannaɗe ka ce sai Saudiyya. Ka ce ofishin noman da aka ɗauke ka ƙarami ne, albashinsa ba ya kai ƙarshen wata, shugaban ma barci yake yi bisa tebur. Na yarda. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Manomin da zai shigo ofishin da ƙasa a ƙafarsa yana tambayar abin da ke cin dawarsa, bai san kana jiran biza ba, kuma ba ruwansa. Ka ba shi mafi kyan abin da ka sani. Yau in ka koma ɗaki ka kwance jaka, ka rataye riguna, ka buga ƙusa a bango. Abin da aka ajiye don gobe ba ya zama yadda aka ajiye shi, na gani da idona.

Sai maganar Batul. Kai ka taso ka ganmu kamar 'yan ciki ɗaya, ba ka san yadda na wulaƙanta matar nan ba. Shekara guda aka kawo mu amare, ita Balarabiya daga wajen Wad Haddad, ni daga ƙarshen hilla. Kullum da hantsi sai in ji ƙamshin gahawa, in ji tana daka, sai ta leƙo ta kan danga: "Ya jara, maƙwabciya, zo mu sha jabana, gahawa ta nuna!" Ni kuma in ce ina da aiki. Aikin me? Zama bisa akwati. A raina cewa nake, me zan yi da ƙawa ni mai tafiya? In na saba da ita rabuwa ta yi wuya. Biki ba na zuwa sai in ya zama dole, gaisuwar mutuwa in tsaya a bakin ƙofa in juyo. Har mata suka sa min suna, wai Mai-jiran-lori. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Ranar da naƙudar yayanka ta zo min da gardama, mahaifinka yana can hawasha, gonar audugar da yake nomawa bisa rabo. Ba wanda na kira, don ba ni da wanda zan kira. Batul ce ta ji nishina. Ba ta tsaya zagayawa ta ƙofa ba, dangar ta keta ta shigo, ta aika aka kira ungozoma, ta riƙe kaina bisa cinyarta tana faɗa min da Larabci kamar ta cinye ni: "Ke wace irin mace ce? Mutuwa za ki yi a ɓoye don kada ki sha min gahawa?" Tun daga ranar ban ƙara cewa ina da aiki ba. Amma shekarun da na zubar kafin nan, wa zai biya ni?

Don haka in an kawo fatur, karin kumallonsu, a ofis da hantsi, an zuba wake a babban kwano an kewaye shi, kada ka koma gefe da wayarka. Wanke hannu ka sa. Ka san sunan mai shayin bakin titi, da sunan limamin unguwa, da na tsohon da ke gaban gidan da ka kama haya. In an yi rasuwa ka je ka zauna, ba tsayuwa ba, zama. Mutanenmu suna nan da yawa a Damazin da Rusairis, ka neme su ka yi musu Hausarka mai tuntuɓe, za su yi maka dariya su ba ka tuwo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zazzaɓi kuma ba ya tambayar mutum ko muwakkat ne shi kafin ya kwantar da shi.

Yanzu ga wadda ta fi min nauyi. Tun ɗazu nake kewaya ta.

Da Baba zai rasu ya kama hannuna ya ce, "Ki isa inda ban isa ba." Ƙunshin ni aka ba, na kawo shi na rataye a ɗakina. Ba a daɗe ba mahaifinka ya je Singa ya dawo da dashen mangwaro biyu a cikin gwangwani. Ɗaya ya ba mijin Batul. Ɗayan ya haƙa rami a tsakar gidanmu, ya zuba taki, ya dasa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Bai shawarce ni ba, don ya san abin da zan ce. Kullum kafin ya fita sai ya ba shi ruwa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro.

Dashen ya kama. Ya fitar da sabon ganye, ja-ja, mai taushi, yana ƙyalli. Wallahi ya yi kyau, kuma kyan ne ya ba ni tsoro. Na kama kaina ina tsayawa ina kallonsa, har ina tunanin inda zan shimfiɗa tabarma in ya girma. Sai na ji kamar Baba yana bayana. Na ce ashe haka ƙasa ke riƙe ƙafa.

Wata safiya, bayan mahaifinka ya tafi gona, na janye ƙayar na kama dashen da hannu biyu. Na zaci zai fito da sauƙi. Ina! Saiwar ta riga ta yi nisa, sai da na dafa ƙasa da gwiwa na ja, na ji ta tsinke. Na kai tur'a na jefa, na tsaya har ruwa ya tafi da shi. Na dawo ina jin na yi aikin lada.

Da ya dawo ya tsaya bisa ramin, fartanya a kafaɗa. Ya daɗe. Ni ina bakin murhu na shirya faɗa, na tanadi amsoshi. Sai ya juyo ya kira ni da sunan tsokanar da ya sa min, ya ce, "'Yar matafiya, kakanninki da suka taho daga Sakkwato da ƙafa, a rana suka riƙa hutawa? Duk inuwar da suka zauna, wani ne ya dasa ta."

Ka san abin da na ce masa? "To sai ka je ka zama wanin." Bakina kenan a lokacin, Allah ya yafe min.

Bai ƙara dasa komai ba. Ramin ma bai cike ba, ni ma ban cike ba. Shi ne ɗan kwarin nan na tsakar gida da ruwa ke taruwa da damina, wanda kake wasa da jirgin kara a ciki kana yaro. Tafiya kuwa ba mu yi ba. Wata shekara ta zo da haihuwa, wata da ciwo, wata dawa ba ta yi ba. Kowace kaka ina goge buta da toka ina cewa bana. Mangwaron Batul kuma yana ta hawa. Ya wuce danga, suka gina katanga ya wuce ta, ya fara leƙo mu, ya fara ba mu aron inuwa da yamma.

A ciwonsa na ƙarshe, lokacin zafi ne, ba abin da yake iya ci. Batul ta miƙo mangwaro ta kan katanga, na yanka masa, ya tsotsa a hankali, ruwan na bin gemunsa. Ya dubi reshen da ya ƙetaro, ya yi murmushi ya ce, "Ɗan'uwan namu ne fa. Gwangwani ɗaya suka zo. Da yanzu namu ma ya kai haka." Ba da gori ya faɗa ba, Auta, da ma gori ne da na samu abin mayarwa. Mutumin nan ya yi rayuwarsa duka a gidan nan bai taɓa zama a inuwar kansa ba, kuma hannuna ne ya hana shi. Da-na-sani ƙeya ce. Ina kewarsa har yau, kewa mai ciwo.

Na san abin da za ka ce, don na san kanka. Za ka ce, "Yumma, ba ki ga abin da ya faru ba? Waɗanda suka gina, suka dasa, ba gudu suka yi suka bari ba?" Na gani. Tare da kai muka gudu da yaƙi ya iso garin nan, lokacin jami'arku tana rufe. Amma ka lura da abu guda? Ni da na yi rayuwata ina shirin tafiya, ranar da tafiya ta zo da gaske ban ɗauki ƙunshin ba. Ko tuna shi ban yi ba. Tukunya na ɗauka, da hannun jikata.

Da Allah ya sa muka dawo, ka tuna abin da muka fara hangowa daga kan lori? Gari duk ya canza, ciyawa ta rufe hanyoyi, dangogi sun kwanta. Kan mangwaron nan ne ya nuna mana unguwarmu. Batul ta sauka tun lori bai gama tsayawa ba, ta ruga ta rungume gindinsa tana kuka tana yi masa sannu. Ni na tsaya a tsakar gidana ina dube-dube, ba abin da zan runguma. Na shiga ɗaki na tarar ƙunshin yana nan a rataye. Na taɓa shi sai ya zube. Gara ta cinye yadin da igiyar da takalman. Butar ce kawai ta faɗo ta gangara ƙafata.

Ba cewa nake kada ka tafi ba, ka ji ni da kyau. Mu jinin tafiya ne, ba zan hana ka abin da ke cikin jininka ba. In biza ta fito ka tafi da albarkata, in Allah ya nufa ka kai ni in ga Ka'aba da idona, in isar wa Baba saƙonsa. Har yanzu in na lumshe ido ina ganinta, fara fat. Amma biza ba ta da ranar zuwa. Ɗan gwaggonka da ya gama karatu tun kana firamare, yana nan a rumfar mai shayi yana latsa waya yana jiran gawon shanu, furfura ta fara fito masa. Bai yi aure ba, bai kama sana'a ba, don kada wani abu ya riƙe shi. Kuma yarinyar nan da kake fita bayan gida in ta kira, kana zaton ban sani ba, kada ka sa ta zama bisa akwati. Ka gaya mata gaskiya, ko e ko a'a.

A jami'a komai da lokacinsa, ana gaya muku ranar shiga da ranar fita, ka saba duk inda ka zauna akwai ranar tashi. Yanzu ba mai buga muku ƙararrawa. In ka ce sai ka isa za ka fara, wata rana za ka ɗaga kai ka ga 'yarka tana leƙo ka ta hujin kwano.

Direban lorin da zai ba ka takardar nan zai sauke maka kaya. Angarib ne, da randa, da bargo, waɗanda ka ƙi. Kada ka yi masa gardama, na riga na gaya masa ko ka ƙi ya ajiye a ƙofa ya tafi. Akwai kuma gwangwani, ka karɓe shi da hannu biyu.

Duk shekara yara na shan mangwaron Batul su jefar da ƙwallon a gindin randarmu, inda ruwa ke ɗiga. Duk damina sai wasu su tsiro, ni kuma in share su da tsintsiya ba tare da tunani ba, hannu ya saba. Bana guda biyu suka tsiro. Na ɗaga tsintsiya, sai na ga ganyen, ja-ja, mai taushi, irin wancan. Na ajiye tsintsiyar na bar su.

Ɗaya shi ne a gwangwaninka. Na san gidan haya ne, na san ba naka ba ne. Ka je ka gaida mai gidan da ladabi, ka roƙe shi ɗan wuri a tsakar gida. Ka haƙa rami mai zurfi, ka sa taki, ka kewaye da ƙaya. Wannan kai ka fi ni sani, kai ka karanta. In biza ta zo kafin ya yi 'ya'ya, ka tafi abinka, wani baƙo zai zo ya zauna a inuwar ya sa maka albarka bai san sunanka ba.

Ɗayan kuma na dasa shi da kaina, washegarin tafiyarka, a cikin ramin nan da mahaifinka ya haƙa. Ƙasar ta yi laushi, kamar jira take. Batul ta leƙo ta kan katanga ta gan ni durƙushe, ta riƙe baki ta ce, "Mai-jiran-lori, lafiya? Lorin fa?" Na ce mata, "In ya zo ya same ni ina ban ruwa." Ta yi guɗa, tsohuwar banza, har maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya haihu.

Da butar Baba nake ba shi ruwa. Karon farko kenan da ruwa ya shiga cikinta tun da ta baro Sakkwato. Ashe tana da ɗan huji a gindi, ba wanda ya sani, da mun ɗauke ta hanya da ta kunyata mu a tsakiyar daji. Yanzu sai in cika ta in ajiye a gindin dashen, ta yi ta ɗiga a hankali har yamma. Ba lallai in sha 'ya'yansa ba, na sani, ƙafafuna sun fara gaya min. Amma jiya na kama kaina ina duba inda zan shimfiɗa tabarma, kuma ban ji kowa a bayana ba.

In ka kira, kada ka fara min da labarin biza. Ka fara gaya min ko naka ya kama, ni ma in gaya maka nawa.

Allah ya tsare ka fita da shiga, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa albarka a abin da hannunka ya taɓa. Allah ya jiƙan mahaifinka da kakanninka, ya ba su inuwar da ba ta gushewa. Ka riƙe salla, ka riƙa cin abinci, ka rataya gidan sauro. Batul na gaishe ka, ta ce in ka bar dashen ya mutu kada ka biyo ta ƙofarta.

Wassalamu alaikum.

Innarka.